Filinge: abin da ya kamata a sani kafin a kawo kwikwiyo gida

A Filinge da ƙauyukan Kurfai, ana renon kwikwiyo don gadin gida da bisashe. Kukan da yake yi a dararen farko kewar uwa ce, shi ya sa ba a son a raba su kafin wata 2. Yana buƙatar inuwa, ruwa da kwanonsa daban, nesa da tukwane da butar alwala.

Babban haɗari shi ne ciwon haukan kare, wanda ba ya jin magani idan alamunsa suka bayyana. Da ya cika wata 3, sai a kai shi ma'aikatar kiwo a yi masa allura. Idan ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, a garzaya likita a ranar.