Tafadek

Tafadek ƙauye ne a cikin duwatsun Azbin, arewa da birnin Agadez, a gundumar Tchirozérine ta Jamhuriyar Nijar. An san shi da marmaron ruwan zafi, wanda masu ciwon gaɓoɓi da sanyin ƙashi da cututtukan fata ke zuwa su yi wanka a ciki. Mazauna wurin Buzaye ne, makiyaya da masu lambu.

Sunan yankin

Azbin, ko Abzin, shi ne sunan da Hausawa ke kiran waɗannan duwatsu, daga nan aka samu kalmar Azbinawa. Buzaye suna cewa Ayar, Faransawa kuma suka rubuta Aïr.

Tarihi

Tarihin ƙauyen a haɗe yake da na Azbin. Tarihin baka na Gobirawa ya nuna a can suka zauna kafin su gangaro kudu. A ƙarni na 15 aka kafa sarautar Agadez, kuma ayarin raƙuma ya daɗe yana kai gishirin Bilma kasuwannin Katsina da Kano ta wannan yanki.

A watan Disamban 1916 Kawusan ya yi wa sansanin Faransawa a Agadez ƙawanya. Bayan an karya shi a Maris 1917, ramuwar gayyar Faransawa ta watse garuruwa da yawa na Azbin. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 su ma sun hana zirga-zirga, musamman na biyun da aka binne nakiyoyi a hanyoyi. Yawon buɗe ido ya durƙushe, amma masu neman lafiya sun koma da aka samu lafawa.

Ruwan

Ruwan sama ne ke tsiyaya ta tsagogin dutse har can ƙarƙashin ƙasa, ya yi zafi, sannan ya ɓullo ɗauke da sinadaran da ya narkar. Masu jinya kan yi kwanaki a ƙauyen suna maimaita wanka. Zafin yana saki jijiyoyi, yana rage raɗaɗin gaɓoɓi, sai dai sauƙin ciwo daban, warkewa daban. Daɗewa cikin ruwa mai zafi na da haɗari ga masu ciwon zuciya da mata masu juna biyu.