Yadda Bincike Ya Samar da Buhun Ajiye Wake Ba Tare da Magani Ba

Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman wake a duniya, Nijar ce ke bi mata. Daga gonakin Kano, Jigawa, Gombe, Borno, Maraɗi da Damagaram ake loda shi, ya bi ta kasuwar Dawanau ya gangara kudu, wani har Gana. Sai dai wake ba ya jure ajiya. Manomi zai casa wakensa tas da kaka, ya ɗure a buhu, bayan wata uku ko huɗu ya kwance bakin buhun ya tarar da ƙwari na tashi, ƙwayoyin duk huji, gari ya taru a ƙasa. Wannan ce ta sa da yawa suke rabuwa da shi tun yana arha, sannan su dawo da bazara su saya da tsada. Yadda masu bincike suka bi wannan matsala daki-daki har suka kai ga buhun da ake kira PICS abu ne da ya kamata a fahimta, domin ya nuna irin aikin da bincike yake sha kafin ya amfani talaka.

Abu na farko shi ne sanin ƙwaron kansa. Mutane da dama suna ɗauka cewa a ɗaki yake shiga buhu, alhali tun daga gona ake zuwa da shi. Macen tana liƙa ƙwanta a jikin kwanson wake lokacin da ya fara bushewa. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ba ta yawo a waje, kai tsaye take huda ta shige cikin ƙwaya. A ciki take ci, a ciki take girma, sai ta zama cikakken ƙwaro sannan ta fasa ƙofa ta fito. Wannan ƙofar ce hujin da muke gani. A lokacin zafi duk wannan ba ya wuce mako uku zuwa huɗu, kuma mace ɗaya tana zuba ƙwai gommai. To ka lissafa: 'yan ƙwayoyi kaɗan da suka zo da tsutsa daga gona, kowane wata ana samun sabon zubi, kowane zubi ya ninka na baya sau da yawa. Shi ya sa waken da ido bai ga aibunsa ba ranar casa yake lalacewa kafin damina ta zagayo.

Manoma ba su zauna haka nan ba. Akwai masu cuɗa wake da toka ko yashi, akwai masu zuba barkono, akwai masu barin sa cikin kwansonsa. Waɗannan dabaru suna aiki ga 'yan mudu kaɗan, amma ba wanda zai samu tokar da za ta isa buhu ashirin. Don haka mai wake da yawa ya koma ga magani: ƙwayar Phostoxin da ake ƙullewa a tsumma a cusa cikin buhu, ko fiya-fiya da ake yayyafawa. A nan ne abin yake da tayar da hankali. Maganin da aka yi don feshi, ana zuba shi kan abin da yara za su ci a ƙosai da alala, sau da yawa ba awo, kuma a ajiye buhun a ɗakin da ake kwana. Illar ta wuce gida: a watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka riƙa samu a cikinsa, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya, kuma ta yi ta sabunta wannan hani daga baya.

Binciken da ya haifar da buhun ya faro ne a arewacin Kamaru, a yankin Marwa, wajen ƙarshen shekarun 1980. Masana ƙwari daga Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Larry Murdock, suka haɗa kai da cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru. Abin da ya burge ni a tsarinsu shi ne ba su fara da ƙirƙiro sabon magani ba. Sun fara da duba abin da manoma suke yi, suna gwadawa su ga wanne ne yake aiki, kuma me ya sa. Sun gwada toka suka tantance yawan da ake buƙata. Sun gwada gasa wake da zafin rana, inda ake shimfiɗa shi kan baƙar leda a rufe da fara har zafi ya kashe tsutsar da ke ciki. Suka kuma lura cewa waken da aka zuba a duro aka toshe bakinsa sosai ba ya lalacewa. Amma duro yana da tsada, yana tsatsa, kuma in bai cika ba iskar da ta rage a ciki tana isar ƙwari su ci gaba da ɓarna. Daga nan tunanin ya zo: a samu abin da zai toshe iska kamar duro, amma mai arha, mai naɗuwa, wanda za a ɗaure daidai inda wake ya tsaya. Sai suka gwada sanya leda cikin leda.

Ga yadda abin yake aiki. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kimanin kashi 21 cikin 100, kuma ƙwari ma da shi suke rayuwa. In aka rufe wake ruf, ƙwarin da ke ciki su ne za su shanye ɗan oksijin da ya rage tsakanin ƙwayoyi. Cikin 'yan kwanaki sai ya yi ƙasa ƙwarai, tsutsa ta daina ci, ta daina girma, haihuwa ta tsaya. Masu binciken ba hasashe suka yi ba. A Purdue suna da na'ura mai ɗauko ƙarar tsutsa tana gaigayar ƙwaya daga ciki, ƙarar da kunnen mutum ba ya ji, don haka suna iya sanin lokacin da cin ya ragu da lokacin da ya tsaya. Daga baya kuma suka gano wani abin da ba a zata ba: ba shaƙewa kaɗai ke kashe tsutsar ba, ƙishirwa ce. Busasshen wake ba shi da ruwan kirki, tsutsa tana samun yawancin ruwan jikinta ne ta hanyar narkar da abincin da oksijin. In oksijin ya yanke, ruwa ya yanke, sai ta bushe ta mutu. An wallafa wannan sakamako a 2012.

To tun da an san dabarar tun wajen 1990, me ya sa ba ta bazu ba sai bayan kusan shekara ashirin? Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma masana tattalin arzikin noma ne suka amsa ta. Da suka koma ƙauyuka suna tambaya, sai suka tarar manoman da suka ji labarin dabarar suna son ta, amma ledar da ta dace ba ta kasuwa. Wadda ake samu sirirya ce, iska na ratsa ta, ƙwaro na huda ta. Akasarin manoma kuwa ba su ma taɓa ji ba. Ilimin yana nan cikin rahotanni, kayan aikin babu.

A 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin aikin shekara biyar don cike wannan giɓi a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ciki har da Najeriya, Nijar, Kamaru, Chadi, Gana da Burkina Faso. A Nijar, cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi, inda Dakta Ibrahim Baoua yake aiki a lokacin, ta yi gwaje-gwaje masu yawa kan buhun, a Najeriya kuma cibiyar binciken noma ta IITA da malaman gona na jihohi suka ɗauki nauyin yaɗa shi. Aka tsayar da siffa guda: leda biyu masu kauri, kowace maikiron 80, a cikin buhun saƙa irin wanda aka saba da shi. Leda ta biyu kariya ce in ta farko ta samu ɗan huji, buhun waje kuma shi ke ɗaukar wahalar ja da lodi. Aka samu masana'antu su riƙa yin sa, ciki har da wata a Kano, akwai buhu mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100.

Amfani da shi ba wuya, amma yana son kula. Wake ya bushe sosai tukuna, a sheƙe shi a fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi, domin tsinke ɗaya yana iya huda leda. Kafin a zuba komai, a buɗe kowace leda ta ɗebi iska, a riƙe bakinta a danna a ji ko tana sacewa. Sai a sa ɗaya cikin ɗaya, a sa su cikin buhun, a riƙa zuba wake kaɗan-kaɗan ana girgizawa don ya zauna. Kada a cika shi fal, a bar wurin ɗauri. A matse iskar da ke sama, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa shi a ɗaure tam. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje shi kaɗai. Masu haɗa ukun su ɗaure lokaci guda, su ne suke dawowa suna cewa buhun bai yi aiki ba. A ɗora shi kan katako, nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, don duk buɗewa sabuwar iska ce.

Hanyar da aka bi wajen gamsar da manoma ita ma sakamakon nazari ce. An san manomi ba zai saka amfanin shekararsa cikin leda don kawai ya ji a rediyo ba. Don haka malamin gona zai je ƙauye da kaka, a samu 'yan mutane su kawo wakensu na kansu, a ɗaure a gaban jama'a, kowa ya tafi da nasa gida. Bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a kwance. Mai garin yana nan, mata suna nan, a tsoma hannu a ɗebo wake a ga yana nan yadda aka zuba shi, matattun ƙwari kaɗan a sama, ba warin magani. An yi irin wannan a ƙauyuka sama da 30,000.

Masana tattalin arziki kuma suka ci gaba da nasu awon. Sukan sayi wake a kasuwanni wata bayan wata, su ƙirga ƙwaya ɗari, su lissafa huji nawa ne a ciki, su kwatanta da farashin da aka sayar musu. Ta haka suka tabbatar da abin da kowace uwargida ta sani: mai saye yana rage kuɗi tun daga hujin farko. Suka kuma gano cewa nisan mai sayar da buhu yana da tasiri ƙwarai. In sai manomi ya yi doguwar tafiya kafin ya samu, komai gamsuwarsa, zai koma ga maganin da ke kan teburin mai kanti a ƙauyensu. Wannan ya sa aikin ya karkata ga shawo kan dillalai da ƙananan 'yan kasuwa su riƙa ajiye buhun, kuma ya iso kafin kaka, ba bayanta ba. Da aka ga yana aiki ga masara, dawa, gujiya da sauransu, sai aka faɗaɗa shi zuwa wasu ƙasashen Afirka da Asiya.

Akwai abin da buhun bai warware ba, kuma bai kamata a ɓoye ba. Manomi da yawa ba tsoron ƙwari kaɗai ke sa shi sayar da wake da kaka ba. Bashin taki na jiran sa, ga kuɗin makaranta, ga biki, ga asibiti. Wanda yake cikin wannan hali ko an ba shi buhu kyauta sai ya sayar. A Nijar an daɗe ana gwada tsarin da ƙungiyar manoma za ta tara amfanin gona a sito, a kulle, a karɓi rance a kansa, in farashi ya tashi a sayar a biya. A ganina sai an haɗa irin wannan tsari da buhun sannan ƙaramin manomi zai ci ribar ajiya, in ba haka ba ɗan kasuwa mai jari ne zai fi morewa. Ga kuma jabun buhu mai siririyar leda da ke ɓata wa na gaske suna, ga tambayar inda leda za ta ƙare in ta tsufa, ko da yake mai kula yakan yi kaka uku da buhu ɗaya.

Duk da haka, hujjar zuba fiya-fiya a cikin abinci ta ƙare, tun da ga hanya an gwada an tabbatar. Hukumomin aikin gona na jihohi da shugabannin kasuwannin hatsi su tabbatar buhu na gaske yana isa kasuwannin ƙauye kafin a fara roron wake, su kuma sa ido kan na jabu. Kai kuma mai saye, in ka je awo ka shinshina waken, ka tambayi mai shi da me ya ajiye shi.