Daga Jan Baƙi zuwa Fahimtar Karatu

Masana sun daɗe da rarrabe aiki biyu da ɗalibi ke yi idan ya buɗe littafi, wato furta kalmomin da aka rubuta daidai, da kuma gane harshen da aka yi rubutun da shi. A shekarar 1986 Philip Gough da William Tunmer suka bayyana cewa fahimtar karatu ba ta samuwa sai biyun sun haɗu, domin idan ɗaya ya yi rauni ƙwarai, ƙarfin ɗayan ba ya ceton sa. Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya saba zama wurin tafsirin azumi, inda alaramma ke jan baƙi, malami kuma yana warware ma'ana. Bambancin kawai shi ne, ɗalibin da ke zaune shi kaɗai dole ya riƙe aikin mutum biyu.

Sananniyar dabara a nan ita ce wadda Francis Robinson na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ya tsara a 1946. Ɗalibi zai fara leƙa babi gaba ɗaya, ya duba kanun batutuwa, ya mayar da kowane kai tambaya, sannan ya karanta yana neman amsa. Mataki na huɗu shi ne ƙashin bayan dabarar, kuma ɗalibai kan tsallake shi saboda wahalarsa: a rufe littafin, a faɗi abin da aka karanta da kalmomin kai, kafin a koma bita. Wannan ya sha bamban da hadda, domin mai hadda yana mayar da lafazi ne, shi kuwa wannan ma'ana ake nema daga gare shi. Binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya nuna cewa waɗanda suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi masu maimaita karatun riƙe shi bayan mako guda, ko da yake masu maimaitawar sun fi jin cewa sun iya.

Ga ɗalibin da littattafansa na Turanci ne ko Faransanci, gwajin ya fi kaifi idan ya mayar da bayanin da Hausa, tun da ba zai iya fakewa da jimlolin marubuci ba. Duk inda harshensa ya sarƙe, nan ne sakin layin da zai sake karantawa, yana lalubo ma'anar baƙuwar kalma daga maƙwabtanta kafin ya ɗauko ƙamus.