Fentin ɗakin wanki: Aikin da ake farawa daga inda ido ba ya gani

A kowace makarantar kwana akwai wurin da kowa ke shiga amma ba a kai baƙo, wato ɗakin wanki. Idan aka samu kuɗin fenti, ƙofar makaranta ce ta farko, sai ofishin shugaba, sai ajujuwan da ke fuskantar titi. Kafin a kai ga wurin wanki bokiti ya ƙare. Alhali nan ne ɗalibi ke tsayawa awa guda ko biyu kowane ƙarshen mako, ƙafarsa cikin ruwa, yana shaƙar abin da bango ke fitarwa.

Mun duba wannan batu ne da ɗaliban Gwandu da Kalgo a zuciyarmu, domin yanayin yankin namu yana wahalar da gini. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, bango ya sha ruwa ciki da waje. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne da ƙurarsa. A Maris da Afrilu kuwa zafi kan haura digiri 40. Bangon da ke shan kumfar sabulu kullum, sannan ya fuskanci waɗannan yanayi uku a shekara ɗaya, yana buƙatar kulawa fiye da bangon aji.

Me ke cin bangon?

Abu uku ne. Na farko danshi. Ruwan wanki yana fantsama, wani kuma yana tasowa daga ƙasa ya bi ƙofofin bulo. Idan ya bushe sai ya bar wani farin gishiri a fuskar siminti, shi ne ke tura fenti ya kumbura ya ɓare. Na biyu funfuna da gansakuka, baƙaƙe da korayen tabon da ke son duhu da laima. Tun a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan danshi da funfuna a cikin gine-gine, inda ta danganta su da tari da cututtukan numfashi da tashin asma. Na uku tsatsa, wadda ke cin fayif da ƙarafan taga da ƙusoshin igiyar shanya, ta zubo da jan layi a bango, wani lokaci har a farin yunifom.

Idan ka lura, duk ukun ba su farawa a tsakiyar bango. Suna farawa a bayan fayif, da ƙarƙashin dakalin wanki, da kusurwar da bango ya haɗu da silin, da bakin kwata. Nan ne hannu ba ya kaiwa, nan ne kuma sauro da kyankyaso ke fakewa da rana. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fentin da ya tsallake waɗannan wurare kyan ɗan maciji ne, domin kafin damina biyu ɓarnar za ta sake fitowa daga ƙarƙashinsa.

Abin da magabata suka sani

Kare bango daga ruwa ba sabon ilimi ba ne a ƙasar nan. Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ginin ƙasa ta tashi, kuma ginin ƙasa ba ya daɗewa sai ana sabunta masa yaɓe. Maginan Hausa suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kwaɓa a shafe bango da daɓe. Suna da laso, haɗin katsin marina da gashin akuya da dafara, wanda ruwa ba ya ratsawa cikin sauƙi. Suna kuma da farar ƙasa ta shafen ɗaki.

Ɗaliban kimiyya za su ji daɗin sanin cewa farar ƙasar da ake samu daga dutse darasin aji ce a kan bango. Ana ƙona farin dutse, irin wanda masana'antar siminti ta Kalambaina kusa da Sakkwato ke amfani da shi, a zafin da ya kai kimanin digiri 900. Dutsen, wato CaCO3, sai ya saki iskar CO2 ya koma CaO. Idan aka zuba masa ruwa ya yi zafi ya zama Ca(OH)2. Shi ake tsinkawa da ruwa a shafa. Yana bushewa yana jan CO2 daga iska, a hankali ya koma CaCO3. Wato dutse ne ya sake zama dutse a fuskar bangonka. Yana da kaifin da funfuna ba ta so, yana kuma barin bango ya fitar da danshi. Rauninsa shi ne ba ya jure guga da fantsamar ruwa, ba ya kuma kama bangon da aka taɓa yi wa fentin mai.

Wane fenti, a ina?

A kasuwa za ka tarar da iri biyu da kowa ya sani. Akwai fentin ruwa, wanda ake sirkawa da ruwa, yana bushewa cikin 'yan awoyi, warinsa kaɗan ne. Akwai fentin mai, mai sheƙi, wanda ake sirkawa da tina, yana son kwana guda kafin a ƙara shafi na biyu, amma ana iya wanke shi da soso da sabulu.

Shi ya sa ake raba bangon ɗakin wanki gida biyu. Daga ƙasa zuwa tsayin mita ɗaya da rabi, inda ruwa ke fantsama, a sa fentin mai. Daga nan zuwa sama a sa fentin ruwa ko farar ƙasa, domin bango ya samu wurin numfashi. Ƙarfe kuwa a kankare masa tsatsa, a fara sa masa jan fentin nan na hana tsatsa, sannan fentin mai. Launi mai haske ya fi, domin yana ƙara wa ɗaki haske, yana kuma tona datti da wuri.

Ga lissafi, tunda muna shafin makaranta. Ɗauki ɗaki mai tsawon mita 6, faɗin mita 4, tsayin mita 3. Kewayensa mita 20 ne. Ka ninka da 3, ka samu murabba'in mita 60. Cire kamar 6 na ƙofa da tagogi, saura 54. Shafi biyu ake yi, ya zama 108. Lita ɗaya ta fenti tana rufe kimanin murabba'in mita 10, don haka ana buƙatar kusan lita 11, rabi na mai rabi na ruwa. Galan biyu-biyu masu lita 4 sun isa har da ragowa ta gyara. Wanda ya je gaban shugaban makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai da wannan lissafi a takarda ya fi wanda ya je da ƙorafi kawai samun kunnen saurare. A guji tsinka fenti da ruwa fiye da yadda aka rubuta a jikin bokiti. Araha ba ta ado.

Shiri shi ne rabin aiki

Kafin a buɗe gwangwani, a gyara famfon da ke yoyo, a share kwatar da ta toshe, a like tsaga da siminti. Fenti ba ya maganin yoyo. Sabon siminti yana son kamar mako huɗu kafin a shafa masa fenti. Farin gishirin nan a goge shi da busasshen burushi. Funfuna kuwa a wanke ta da ruwan bilic da aka sirka, a ɗauraye, a bar bango ya bushe sarai. Kada a taɓa haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, domin haɗin yana iya fitar da iska mai guba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. A damina bango ba ya bushewa. A tsakiyar bazara fenti yana bushewa da gaggawa ya bar sawun burushi. Hutun Disamba ya fi dacewa, domin ɗakin ya huta da wanki, bango ya bushe, babu kuma cunkoso. Sai dai a zaɓi ranar da iska ta lafa, a yayyafa ruwa a ƙasar da ke wajen taga, don ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fentin mai.

Dabarun kaiwa lungu

Ƙa'idar ita ce a fara da mai wuya, a kuma fara daga sama. Wanda ya fara da tsakiyar bango zai gaji kafin ya zo lungu, zai kuma goga kafaɗarsa a ɗanyen fenti.

Kusurwar sama: a ɗaure burushi a kan sandar mofa ko siririyar gora da robar taya, a ɗan karkata shi. Da haka za ka kai mita uku ƙafarka tana ƙasa.

Bayan fayif: a ƙusance guntun soson katifa a jikin siririn katako kamar rula, a shafa masa fenti kaɗan, a zura shi ta bayan fayif ɗin ana gugar bango. A rufe fayif ɗin da tsohuwar jarida don kada ya ɓaci.

Jikin fayif da ƙarafan taga: a yanki tsumma dogo kamar ɗamara, a tsoma shi, a zagaya ƙarfen da shi, a riƙa ja dama da hagu kamar mai goge takalmi. Wasu kan sa leda a hannu, su ɗora tsohuwar safa a kai, su shafa da tafi.

Ƙarƙashin dakali: a share yanar gizo-gizo, a shimfiɗa kwali, a yi amfani da ƙaramar rola ko burushi mai inci biyu. Wani ya riƙe tocila.

Ƙofa: a shafa gefenta na sama da na ƙasa. Ta ƙasan ne ruwa ke shiga katako ya kumbura, ƙarfe ya ruɓe.

Idan an gama, a zura ƙaramin madubi a bayan fayif da tanki a duba inda aka tsallake. Sai bayan an gama lunguna da gefuna a ɗauko babbar rola, a tafi daga ƙuryar ɗaki zuwa ƙofa.

Hatsarin da ba a gani

Yankinmu ya san gubar dalma. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Wancan daga haƙar zinare ne, amma dalma ɗaya ce da wadda aka daɗe ana sawa a wasu fentin mai, musamman masu launin rawaya da ja. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978. Iyakar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara ita ce kashi 90 cikin miliyan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar yara ce ta fi shan wahala.

Ido ba ya gane fenti mai dalma. Don haka a karanta jikin gwangwani a nemi wanda aka rubuta babu dalma. Tsohon fentin mai da ke bango kuma kada a goge shi da samfefa a bushe. A jiƙa shi, a kankare abin da ya saki kawai, a tattara ɓawon a leda, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Wannan ɓangare aikin manya ne, ba na 'yan ƙaramin aji ba.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. A kashe wuta daga babban makunni kafin a kusanci soket ko ƙwai. A buɗe tagogi, a riƙa fita shan iska, mai asma kuma kada ya shiga. Kada a kunna ashana kusa da tina. Farar ƙasa tana ƙona fata da ido, saboda haka a sa safar hannu da tabarau, idan ta faɗa ido a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, a wuce asibiti. Kada a ɗora kujera kan tebur a jiƙaƙƙen siminti. Idan dole sai tsani, a ja gindinsa mita ɗaya daga bango ga kowane mita huɗu na tsayi, wani kuma ya riƙe. Fentin mai da ya taɓa hannu a cire shi da man gyaɗa da sabulu, ba da fetur ba.

Wa zai fara?

Ba mu ce ɗalibai su ɗauki burushi su afka wa bangon makaranta ba. A nemi izini, a samu malamin da zai tsaya a kai, idan da hali a gayyato mai fenti ya jagoranta. Firifet na lafiya da 'yan babban aji su auna ɗakin, su rubuta lissafi, su raba aiki: masu wanki, masu rufe ƙasa da jarida, masu lungu, masu rola. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma riba ta biyu. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo, gidajen haya da shaguna ke ƙaruwa a yankin, kuma kowane gini yana jiran mai fenti. Matashin da ya iya auna bango, ya san fentin da ya dace da kowane wuri, ba ya kuma tsallake bayan fayif, ya samu sana'ar hutu da za ta saya masa littattafai. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba, domin ɗakunan kwanan mata da cikin gidaje sun fi buɗewa ga mace.

Ranar wanki mai zuwa, kafin ka jiƙa kayanka, sunkuya ka leƙa ƙarƙashin dakali, ka ɗaga kai ka dubi kusurwar sama. Rubuta abin da ka gani, ka kai wa malamin ɗakin kwananku. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.