Karatun Jami'a Ta Wayar Hannu: Darasi Daga Ƙala'at an-Nahal

Ƙala'at an-Nahal gari ne na duwatsu a jihar Gadarif, gabashin ƙasar Sudan, a kan tsohon layin dogo da ya haɗa birnin Gadarif da Sinnar tun ƙarshen shekarun 1920. Ƙasa ce ta dawa da riɗi da ƙaro, mai baƙar laka wadda idan damina ta zauna sai fita da mota ta gagara. A wannan yanki, da garuruwan bakin kogin Rahad irin su Hawata da Mafaza, akwai 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani waɗanda kakanninsu suka baro yamma da niyyar aikin hajji, wasu kuma suka biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yada zango, zangon ya zama gida. Abin da ya sami karatun 'ya'yansu tun daga 2023 ya isa kowane magidanci ya tsaya ya yi nazari, domin kuwa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Yadda aji ya koma cikin waya

A da, yaron wannan yanki da ya ci jarrabawar sakandare yakan nufi Jami'ar Gadarif, ko Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, ko kuwa manyan jami'o'in Khartum. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, jami'o'in babban birnin suka rufe, malamai da ɗalibai suka watse. A Disamba na wannan shekara Wad Madani ta faɗa hannun RSF, a tsakiyar 2024 kuma garin Sinja ya bi baya, jama'a suka yi ta kwarara zuwa jihar Gadarif, har makarantu da yawa suka koma masaukin 'yan gudun hijira. Ɗalibin da saura shekara guda ya karɓi digiri sai ga shi a gidan mahaifinsa, bai san ranar komawa ba.

Da zaman jiran ya yi tsawo, jami'o'i da dama suka yanke shawarar ci gaba da koyarwa ta intanet. Malami na Bur Sudan ko Alƙahira, ɗalibansa na warwatse a ƙauyuka, darasi na isa gare su ta Telegram da WhatsApp ko ta dandalin Moodle. Jarrabawa kuwa sai aka buɗe mata cibiyoyi a garuruwan da ke da sauƙin tsaro kamar Bur Sudan da Kasala, har da wajen ƙasa, a Masar da Saudiyya.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a Sudan. Tun 2002 aka kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Sudan, wadda ta koyar da dubban mutane, musamman malaman firamare, ta hanyar littattafan da aka tsara don mai karatu shi kaɗai, da shirye-shiryen rediyo, da cibiyoyi a jihohi. Sai dai wancan tsari an zauna an shirya masa, ɗalibi ma da kansa ya zaɓe shi. Na zamanin yaƙi tilas ce ta kawo shi, a kan layukan waya masu rauni. A Fabrairu 2024 layukan kamfanonin Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, wurare da yawa suka yi makonni babu sadarwa, duk wanda karatunsa ya rataya a waya ya tsaya cik.

Abin da ke kan malami

Wanda ya san karatun zaure ya san inda albarkarsa take: ɗalibi ya biya, malam ya saurara, ya gyara masa nan take, ya dubi fuskarsa ya gane ko ya fahimta. Wannan shi ne abu na farko da ke salwanta idan aji ya koma waya. Malamin da ya ɗora lacca ta awa biyu ya tafi abinsa ya aika saƙo ne kawai, bai koyar ba tukuna. Koyarwa na farawa ne lokacin da ɗalibi ya mayar da wani abu, amsa ko tambaya ko ɗan rubutu, malam kuma ya duba ya ce masa ga inda ya dace, ga inda ya kauce.

Sannan dole a auna darasi da ma'aunin mafi raunin ɗalibai. Laccar bidiyo kai tsaye tana bukatar layi mai ƙarfi a daidai wannan sa'a, kuma tana cin data ninkin baninkin abin da murya ke ci. Ɗalibar da ke ƙauye a bayan duwatsun Ƙala'at an-Nahal, wadda sai ta hau tudu take samun layi, abin da ya fi amfanarta shi ne muryar malam da aka naɗa a gajerun kashi-kashi, da rubutaccen bayani marar nauyi da za ta sauke sau ɗaya ta yi ta bita, da wa'adin aiki mai faɗi wanda ɗaukewar layi na kwana biyu ba zai kayar da ita ba. Shugaban aji ma yana da babban aiki a nan: shi ke tattara tambayoyi, shi ke sanar da wanda saƙo bai kai masa ba.

Akwai kuma abin da waya ba ta iya ɗauka ko kaɗan. Ba a koyon duba marar lafiya, ko gwajin ƙasar noma, ko haɗa inji da kunne kawai. Gani ya kori ji. Shi ya sa a 2023 ƙasashen Ruwanda da Tanzaniya suka karɓi wasu ɗaliban likitanci na Sudan domin su kammala horonsu a asibiti.

Abin da ke kan gida

A nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Jami'a ba darasi kaɗai take ba ɗalibi ba. Tana ba shi lokaci da wurin zama da hasken karatu da abokan muraja'a. Idan ya dawo gida, duk waɗannan sun koma wuyan iyaye. Matsalar ita ce wanda aka gan shi zaune da waya a hannu, a idon gida ba shi da aikin yi. Riɗi idan ya nuna ba ya jira, in aka yi jinkirin yanka sai ya fashe ya zube, don haka kowane hannu ana bukatarsa a gona. Da rani kuma, a garin da aka san shi da ƙarancin ruwa, ɗiban ruwa kaɗai na iya cinye safiya. Mafi yawan wannan nauyi a kan 'ya'ya mata yake sauka, su ne kuma galibi ke jiran a ara musu wayar wa ko ta uba.

Gidan da ke son ɗansa ya kai gaci sai ya ware masa sa'o'i sanannu waɗanda ba a aikensa a cikinsu, kamar yadda ba a kiran yaro daga makarantar allo don sayo gishiri. A ɗauki kuɗin data da na cajin waya a matsayin kuɗin makaranta, a sa su cikin lissafin wata. A fara tanadin kuɗin tafiya cibiyar jarrabawa da wuri, a kuma shirya wanda zai raka 'ya mace da inda za ta sauka, kada ranar ta zo a ce ba za ta je ba. Uban da ke fargabar abin da waya ke jawowa yana da hujja, amma ƙwace wayar yanke karatun ne. Gara ya nemi jadawalin darussa, ya san sunayen malamai, ya riƙa tambayar me aka karanta yau. Kafin a biya ko sisi ga wata makarantar intanet kuma, a bincika ko hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasa ta amince da takardar shaidarta, domin 'yan damfara sun yi yawa a wannan fage.

A Janairu 2025 sojoji suka karɓe Wad Madani, a Maris suka karɓe Khartum, jami'o'i suka fara komawa mazauninsu sannu a hankali. Amma karatu ta intanet ya riga ya sami gindin zama, a can da nan. Nijeriya ta farfaɗo da buɗaɗɗiyar jami'arta a 2002, Senegal ta kafa jami'ar intanet a 2013, annobar korona ta 2020 kuma ta nuna mana cewa ƙofar aji na iya rufuwa dare ɗaya a Maraɗi ko Damagaram ko Kano. Ranar da hakan ta faru, gidan da ya san ɗansa ɗalibi ne ko da yana zaune a tsakar gida, shi ne zai ga amfanin wahalarsa.

Allah Ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya sanya albarka a karatun zuriyarmu baki ɗaya. Amin.