Dakoro: Yadda ake koyar da darasin tsiro a makarantun da ke rufe da damina

A Dakoro, kimanin kilomita 120 arewa da birnin Maraɗi, ana buɗe makarantun boko ne a watan Oktoba, lokacin da ake ɗaurin dammunan hatsi, a rufe su a ƙarshen Yuni, lokacin da manoma ke kallon gabas suna jiran ruwan shuka. Watannin da ƙasa ke yin kore, ƙofar aji a garƙame take. Ke nan malamin firamare da zai koya wa yara yadda tsiro ke fitowa, dole ya yi hakan da rani, a filin makarantar da babu komai sai rairayi.

Dabarar da aka saba da ita ba ta buƙatar kuɗi. Gwangwanin tumatir uku, a huda gindinsu, a cika da ƙasa, a binne ƙwayar wake a kowane. Na farko a ajiye shi a haske ana ba shi ruwa, na biyu a hana shi ruwa, na uku a ba shi ruwa amma a ɓoye shi cikin duhu. Kafin mako ya zagayo na farko ya fito. Na biyu yana nan yadda aka binne shi. Na uku shi ne ke ba yara mamaki: yakan zarce na farko tsawo, amma fari fat, siriri, ba ƙwari, domin da hasken rana ne ganye ke haɗa abincin tsiro.

Idan aka tone ƙwayar tun a kwanakin farko, za a tarar saiwa ce ta fara fasa ɓawo ta nufi ƙasa, tun ganye bai leƙo ba. A yankin da ruwan shekara kan gaza milimita 400, wannan ne sashen darasin da ya fi shafar rayuwar yaron, kuma shi ne ake saurin wucewa a kansa don a kai ga zanen allo da za a kwafa a littafi.

Jihar Maraɗi tana da tarihi a kan saiwa. A 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da ƙungiyar SIM, ya gaji da ganin itatuwan da yake dasawa suna mutuwa. Sai ya lura cewa ƙananan tohon da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da aka sare waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kututturen, aka datse sauran, aka kare su daga gatari, itace zai tashi ba tare da ban ruwa ba. Manoma suka karɓi abin, suka kira shi sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma a 2018 Rinaudo ya samu kyautar Right Livelihood.

Wannan darasi ne da ake iya yi a watan Fabrairu ba tare da ɗigon ruwa ba. Sabara da kalgo suna nan a bakin gonaki, tafiyar 'yan mintuna daga aji. Gawo ma malami ne: yana kaɗe ganye da damina, ya bar wa hatsi haske, ya yi toho da rani, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau. Ƙwayarsa na da tauri, ba ta saurin tsira sai an kankare ɓawonta ko an jiƙa ta a ruwan zafi, ko kuma ta bi ta cikin dabba ta fito a kashi. A nan ɗan makiyayi, wanda sau da yawa shi ne ke baya a Faransanci, ya fi kowa a ajin sani, don ya sha ganin ɗan gawo na fitowa daga kashin awaki. Matsalar ita ce a arewacin Dakoro irin waɗannan yara kan bi iyayensu neman kiwo tun kafin shekarar karatu ta ƙare.

Lambun makaranta kuwa, wanda kowa ke yabawa, ruwa ne ke yanke masa hukunci. Inda mata ke layi a bakin rijiya mai zurfi, ba abu ne mai sauƙi ba a ce wa yaro ya zo da galan don bayin zogale. Inda aka samu ruwan, idan babu shinge, akuya ɗaya ta isa ta cinye aikin wata biyu kafin a tashi tara.

Haka batun yake ga dashen itatuwa. Tun 1975 Nijar ke dashe a ranar 3 ga Agusta, ranar da ta samu 'yancin kai a 1960. Lokaci ne mai kyau ga itace, amma ɗalibai na hutu, yawancinsu suna gona. Itacen da aka dasa a harabar makaranta ran nan zai shafe wata biyu babu ajin da zai kula da shi, sai dai idan kwamitin iyaye ya ɗora wa wani alhakin kewaye shi da ƙaya. Wanda ya tsira zuwa Oktoba kuma yana da watanni takwas na rani a gabansa, kuma 'yan aji ne kaɗai ke zuwa wurin kullum.