Karen Lhasa Apso: Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka kawo shi gida

A shafukan sayar da dabbobi na Facebook da Instagram, da kuma bakin titi a wasu unguwannin Abuja da Legas da Jos, akwai wani ɗan ƙaramin kare mai yalwar gashi da masu talla ke kira "Lhasa" a taƙaice. Yawancin masu sayensa kyan gani ne yake jan su, ko kuma yara sun matsa. Bayan wata uku sai gashin ya cukurkuɗe, kaska ta cika kunne, maƙwabta su fara ƙorafin haushi. Duk wannan yana da nasaba da inda karen ya fito da aikin da aka rene shi dominsa.

Daga ina ya fito?

Asalinsa Tibet ne, yankin da ke kan tsaunukan Himalaya wanda yanzu yake ƙarƙashin ƙasar Sin. Birnin Lhasa, inda ya samo sunansa, yana kan tudu mai tsayin sama da mita 3,600 daga matakin teku, wuri mai tsananin sanyi da busasshiyar iska. Tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce ana ajiye shi a gidajen ibadar mabiya addinin Buddha da gidajen masu faɗa a ji. An raba aikin gadi gida biyu: ƙaton karen Tibet yana ɗaure a ƙofar waje, shi kuma wannan ƙaramin yana ciki, kunnensa a buɗe, da ya ji baƙon motsi sai ya ɗaga murya.

A al'adar mutanen Tibet ba a cika sayar da shi ba, kyauta ake bayarwa ga wanda ake girmamawa. Ta wannan hanya ya isa Amurka: a 1933 Dalai Lama na 13, jagoran addinin mutanen Tibet, ya bai wa wani matafiyi Ba'amurke, Suydam Cutting, kyautar waɗannan karnuka, kuma a 1935 ƙungiyar American Kennel Club ta yi wa jinsin rajista.

Siffarsa

Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa bai wuce santimita 25 zuwa 28 ba, nauyinsa kuma kilo 6 zuwa 8. Gashinsa hawa biyu ne, na sama dogo miƙaƙƙe mai ɗan kauri, na ƙasa mai laushi da ke riƙe ɗumi. Jelarsa tana lanƙwasowa bisa baya. Ana yawan rikita shi da ɗan uwansa Shih Tzu, amma bakin Lhasa ya fi tsawo. A kasuwanninmu kuwa, kusan duk ƙaramin kare mai gashi sunansa Lhasa, ko da gauraye ne, don haka ka nemi ganin uwar kwikwiyon da idonka kafin ka biya kuɗi.

Halinsa ba irin fuskarsa ba ne

A nan masu saye suka fi yin kuskure. Suna ganin kamar 'yar tsana suka kawo gida, alhali mai gadi ne da ba ya sakin jiki da baƙo. Yana shaƙuwa da mutanen gidansa ƙwarai, amma yana da taurin kai, kuma ba ya cikin karnukan da ke rawar jiki don su faranta wa ubangidansu. Zai gane abin da kake so sarai, sannan ya tsaya ya duba ko yana da ra'ayin yi. Duka ba ya gyara shi, sai dai ya ƙara masa tsoro da saurin cizo. Abin da ke aiki shi ne gajeren horo na 'yan mintuna kullum, da lada na ɗan abin ci idan ya yi daidai, da kuma kowa a gidan ya tsaya kan doka ɗaya. Koya masa wurin yin kashi da fitsari yakan ɗauki lokaci fiye da yadda mutane ke zato.

Gidan da ke da ƙananan yara ya kamata a yi tunani sau biyu. Lhasa ba ya jure jan jela ko jan gashi, kuma yakan rama. Yaran da suka yi wayo, suka san yadda ake taɓa dabba, ba su da matsala da shi. Haushi kuma a jininsa yake. Wanda ke zaune a gidan haya mai cunkoso ya san da wannan tun kafin rigima ta tashi tsakaninsa da maƙwabta. Sabar masa da baƙi da sauti iri-iri tun yana kwikwiyo yana rage abin, amma ba ya kawar da shi.

Gashi da zafi

Karen da aka rena don sanyin Tibet ne ake kawowa garin da zafi ke kai digiri 40 a watan Afrilu. Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake fitar da zafin jikinsa. Idan ka ga yana haki ba ƙaƙƙautawa, yawu na dalala, yana tangaɗi, a kai shi inuwa nan take, a jiƙa masa jiki da ruwa mai sanyi, a garzaya wurin likitan dabbobi. Kada a bar shi cikin mota a rufe ko da na ɗan lokaci ne. Fita yawo da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, na minti 20 zuwa 30, ya ishe shi, kuma a taɓa ƙasa da tafin hannu tukuna, domin kwalta da siminti masu zafi suna ƙona masa ƙafa.

Wanda yake son dogon gashin nan mai jan ƙasa da ake gani a hotuna, to ya shirya taje shi kullum har zuwa tushe. In an yi sakaci sai ya dunƙule a bayan kunne da hammata, danshi ya taru a ƙarƙashi, fata ta yi gyambo ba a sani ba. Ƙarangiya ma ba ta barin irin wannan gashin. A ganina, a ƙasa mai zafi babu dalilin wahalar da kai da dabba: a rage gashin ya zama gajere duk bayan wata ɗaya da rabi ko biyu. Sai dai kada a yi masa ƙwal-kwabo, don gashin yana kare fata daga rana. A riƙa datse na gaban ido, a goge kwantsa da tsumma mai tsabta, a leƙa cikin kunne duk mako. Wanka da sabulun karnuka ake yi, ban da garin sabulun wanki, kuma a busar da shi sosai, musamman da damina.

Ci da sha

Babba sau biyu a rana, kwikwiyo sau uku ko huɗu. Saurin ƙiba gare shi, don haka a auna. Albasa da tafarnuwa da cakulan da inabi da zabibi duk guba ne ga kare, haka ma goro da gahawa. Wannan ya sa ragowar miya da dafa-duka ba abincinsa ba ne. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su paracetamol ko ibuprofen.

Lafiya da riga-kafi

Lhasa yana da tsawon rai, shekara 12 zuwa 15, wasu har su zarce. Cututtukan da jinsin ya fi gada sun haɗa da bushewar ido, da lalacewar gani a hankali, da zamewar ƙoƙon gwiwa, da matsalar ƙoda da ake haifar wasu da ita. Kwikwiyon da ke yawan shan ruwa da fitsari, ga rama, yana buƙatar gwaji. Haƙoran ƙananan karnuka kuma suna saurin lalacewa in ba a wanke su.

Amma cikin abubuwan da suka fi kashe 'yan kwikwiyo a nan akwai cutar parvo, mai zuwa da amai da gudawar jini. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8. Allurar riga-kafi tana farawa daga mako 6 zuwa 8, a maimaita ta kamar yadda likita ya tsara, tare da maganin tsutsar ciki. Kaska tana sa zazzaɓi da ƙarancin jini, kuma cikin wannan gashi ba a ganinta da wuri. Maganinta daga hannun likita ake karɓa. Fesa wa ɗan kare mai kilo 6 fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona na iya kashe shi.

Allurar ciwon haukan kare, wadda ake yi daga wata 3, ita ce ba a wasa da ita, domin ran mutanen gida take karewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare suke kamuwa. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, komai ƙanƙantar karen, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 sannan ya tafi asibiti a ranar.

Batun addini

Ga mai karatu Musulmi akwai tambayar da ke gaba da duk waɗannan. Hadisai sun yi rangwamen ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kai, amma ajiye shi don sha'awa kawai, balle a cikin ɗaki, magana ce dabam. Lhasa kuwa ba karen da za a ɗaure a rana a bakin ƙofa ba ne. Ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa kafin saye. Idan ka riga ka kawo shi, to cinsa da shansa da inuwarsa da lafiyarsa sun hau wuyanka, kuma wannan ɗawainiya ce ta shekara 12 ko fiye.